Jirgin da Mutum Ya Haɗa a Garejinsa: Abin da Dokar Amurka Ta Ce Idan Ya Faɗi a Taron Oshkosh

A ƙarshen watan Yuli na kowace shekara, garin Oshkosh da ke jihar Wisconsin ta Amurka yakan karɓi baƙuncin fiye da jirage 10,000 a filin jirgi na Wittman da filayen da ke maƙwabtaka da shi. Akasarinsu ƙanana ne masu cin mutum biyu zuwa huɗu. Kowane matuƙi daga garinsu yake tuƙo nasa, ya sauka, ya kafa tanti a gindin fiffike, ya yi mako guda. Ƙungiyar masu sha'awar haɗa jirage da tuƙa su, wato EAA, ita ce ke shirya taron. Paul Poberezny ya kafa ta a birnin Milwaukee a 1953, taron kuma ya koma Oshkosh a 1970. A 2023 masu shirya shi sun ƙiyasta mahalarta 677,000.

Cikin jiragen da ake baje wa 'yan kallo, kimanin dubu ba daga masana'anta suka fito ba. Masu su ne suka haɗa su da hannunsu, a gareji ko a rumfar bayan gida, wani ya shafe shekara uku yana aikin, wani goma. Wani lokaci kuma ɗayansu yakan faɗi. A ranar 29 ga Yuli, 2023, wani jirgi mai saukar ungulu ƙirar RotorWay 162F, haɗin gida, ya yi karo a sama da wani ƙaramin jirgi mai farfela a ka ƙirar ELA Eclipse 10, a kudancin filin taron. Mutum biyun da ke cikin mai saukar ungulun sun rasu, biyun da ke ɗayan sun jikkata.

Duk wanda ya ji irin wannan labari, abin da zai fara tambaya shi ne: yaya aka yi gwamnati ta bar mutum ya ƙera jirgi a gida, ya ɗauki fasinja, ya shiga taron dubban mutane da shi? Amsar tana cikin wasu 'yan sassa na dokokin sufurin sama na Amurka, kuma duk suna kan ginshiƙi ɗaya: hukuma ta ba jirgin izinin tashi bisa sharuɗɗa, amma ba ta taɓa cewa ta tabbatar da ingancin ƙirarsa ba. Wanda ya gane wannan ya gane rabin dokar.

Dokar rabi da ɗoriya

Hukumar kula da sufurin sama ta Amurka, FAA, ita ce ke ba jirage takardar cancantar tashi. Jirgin masana'anta irin su Cessna sai an gwada ƙirarsa shekara da shekaru, an lanƙwasa fiffike a ɗakin gwaji, an auna inji, an duba yadda yake hali idan gudu ya ragu, kafin a amince a sayar wa jama'a. Jirgin haɗin gida ba ya bin wannan hanya. Yana shiga ne ta wata ƙofa dabam, sashe na 21.191(g), wanda ya halatta ba da takardar gwaji ga jirgin da mutane suka ƙera kuma suka haɗa mafi yawansa da kansu, don neman ilimi ko nishaɗi kaɗai.

Kalmomi biyu ne ke riƙe da sashen. Ta farko "mafi yawa", wadda masu harkar ke kira dokar kashi 51. Dole fiye da rabin ayyukan ƙira da haɗawa su fito daga hannun wanda ba sana'arsa ke nan ba. Ta biyu ita ce manufa: ilimi ko nishaɗi. Wanda ya buɗe shago yana haɗa wa mutane jirage don kuɗi, sannan mai kuɗin ya je ya rantse cewa shi ya haɗa, ya karya doka, kuma rantsuwar ƙarya ga gwamnatin tarayya laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa. Shi ya sa maƙerin ke ajiye littafin aiki da hotuna, tun daga ƙusar farko har zuwa ɗaura inji, domin ranar da mai duba zai zo.

Yawancin masu wannan sha'awa a yau ba daga farar takarda suke farawa ba. Sukan sayi kayan haɗi daga kamfani, a aiko musu da gorar ruwa (wato alminiyom) yankakkiya, da ƙusoshi dubbai, da zanen yadda za a jera su, kamar tela da aka miƙa wa yadi yankakke aka ce saura ɗinki. Kamfanin da ya fi shahara shi ne Van's na jihar Oregon, wanda jiragensa masu lakabin RV fiye da 10,000 suka riga suka tashi. FAA tana da jadawalin ayyuka da take auna kayan haɗin da shi, don ta ga ko kamfani ya bar wa mai saye fiye da rabin aikin.

Idan an gama, jami'in FAA ko wakilin da ta ba izini yakan zo ya duba. Yana duba takardu, da nauyin jirgi da daidaiton nauyin, da igiyoyin sarrafawa, da alamomin da doka ta wajabta, ya ga ko akwai wani aibu a fili da zai hana tashi lafiya. Ba aikinsa ba ne ya lissafa ko fiffiken zai jure iska mai ƙarfi, ko tsarin bututun mai zai ci gaba da shayar da inji idan hancin jirgi ya ɗaga sama. Wannan nauyi yana wuyan maƙerin. A rajista ma sunansa ake rubutawa a gurbin sunan masana'anta, kuma sunan yana nan ko da jirgin ya sauya hannu sau biyar.

Daga nan sai zangon gwaji. A bisa al'ada awa 40 ne, ko awa 25 idan injin da farfelar duk irin waɗanda hukuma ta riga ta amince da haɗinsu ne. A wannan zango ana keɓe wa jirgin wani yanki mara cunkoson jama'a, ba ya fita daga cikinsa, ba ya ɗaukar fasinja. Sai matuƙi ya nuna cewa jirgin yana sarrafuwa a kowane gudu da kowane juyi da za a yi da shi, ya rubuta haka a littafin jirgi ya sa hannu, sannan a shiga zango na biyu. Jirgin da bai ƙare wannan gwaji ba ba shi da hurumin zuwa Oshkosh. Idan kuma daga baya aka yi masa babban canji, kamar sauya irin farfela, sai ya koma gwaji na aƙalla awa 5.

A 2012 hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, ta fitar da wani nazari na musamman kan irin waɗannan jirage. Ta gano cewa su ne kusan kashi 10 cikin 100 na ƙananan jiragen ƙasar, amma a 2011 su ke da kimanin kashi 15 na haɗurra, da kashi 21 na haɗurran da aka rasa rai. Abubuwa biyu suka fito fili a nazarin: mutuwar inji, sau da yawa saboda tsarin mai, da kuma kuɓucewar jirgi daga hannun matuƙi. Haɗurra da yawa sun faru ne a farkon rayuwar jirgin, ko jim kaɗan bayan sabon mai shi ya saye shi. Hukumar ta ba da shawarwari 16, sha biyu ga FAA, huɗu ga EAA. Ɗaya daga cikin abin da ya biyo baya shi ne tsarin 2014 da ya yarda ƙwararren matuƙi na biyu ya zauna kusa da maƙerin a lokacin gwaji. Kafin nan, mutumin da ya shekara biyar yana buga ƙusa, hannunsa ya yi sanyi a tuƙi, shi kaɗai yake shiga jirgin da bai taɓa tashi ba, sai fa in ya miƙa wa wani gaba ɗaya. A ganina wannan gyara ya makara ƙwarai, amma ya yi amfani.

Bayan gwaji, sashe na 91.319 ne ke tafiyar da rayuwar jirgin. Ba a ɗaukar mutum ko kaya da shi don a biya kuɗi. Dole matuƙi ya gaya wa duk wanda zai hau cewa jirgin na gwaji ne. Dole a rubuta kalmar EXPERIMENTAL kusa da ƙofar shiga da haruffa masu tsayin inci 2 zuwa 6, a kuma liƙa gargaɗi inda fasinja zai gani, mai cewa wannan jirgi bai cika ƙa'idojin kiyaye lafiya da gwamnati ta gindaya wa jiragen masana'anta ba. Ratsa sararin gari mai cunkoso kuwa haramun ne sai in takardar sharuɗɗan jirgin ta halatta, kuma galibi takan halatta bayan gwaji, muddin jirgin yana da tsayin da zai iya saukar gaggawa ba tare da ya cutar da na ƙasa ba.

To ka ga yadda doka ta jera mutane. Maƙerin da ya zaɓi ya sa ransa a abin da ya ƙera, an ba shi 'yanci mai faɗi. Fasinja an ba shi gargaɗi. Na ƙasa, wanda bai zaɓi komai ba, an ba shi tazara. Raunin da nake gani yana wurin fasinja. A taro irin na Oshkosh, mutum yakan ga jirgi mai sheƙi, mai shi ya ce zo in zaga da kai, murna ta hana shi karanta ɗan rubutun da ke gabansa. Ko ya karanta ma, ba lallai ya san cewa ma'anarsa ita ce babu injiniyan gwamnati ko ɗaya da ya taɓa lissafa ƙarfin abin da ya zauna a ciki ba.

Layin dogo daga Ripon zuwa Fisk

Mutane da yawa suna zaton haɗurran Oshkosh a lokacin wasan sama suke faruwa, sa'ad da ƙwararru ke wulƙitawa da jirage a gaban jama'a. Wannan ɓangare ma shi ya fi tsauraran dokoki. Sashe na 91.303 ya hana wasan juyi a kan taron jama'a, ya kuma hana yin sa ƙasa da ƙafa 1,500. Duk mai shirya wasa sai ya nemi takardar sassauci daga FAA, ita kuma ta gindaya masa layin da jirgi ba zai ƙetare ba: ƙafa 500 daga 'yan kallo ga jirage masu ƙaramin gudu, 1,000 ga matsakaita, 1,500 ga masu tsananin gudu. An fara tsaurara waɗannan ƙa'idoji ne bayan abin da ya faru a garin Flagler na jihar Kolorado a watan Satumban 1951, inda jirgi ya afka cikin 'yan kallo aka rasa mutum 20.

Inda gizo ke saƙar shi ne shigowa da fita, lokacin da matuƙa na yau da kullum, wasu ba su fi tashi sau biyu a wata ba, ke tururuwa zuwa fili guda a rana guda. Kowace shekara FAA tana fitar da sanarwa ta musamman mai shafi talatin da wani abu kan yadda za a shigo. Tsarin da aka fi bi shi ne a taru a garin Ripon, a bi layin dogo zuwa ƙauyen Fisk a jerin gwano, tsakanin jirgi da jirgi rabin mil, wato wajen mita 800. Gudun da aka yanka kimanin kilomita 167 ne a awa, a tsayin ƙafa 1,800 daga matakin teku, abin da bai wuce ƙafa dubu daga ƙasa ba. Wanda jirginsa ba zai iya tafiya a hankali haka ba, sai ya hau ƙafa 2,300 ya yi kimanin kilomita 250 a awa.

A Fisk akwai jami'an kula da zirga-zirga zaune a fili da tabaron hangen nesa. Ba sa kiran jirgi da lambarsa, da launinsa da siffarsa suke kira: kai ja mai fiffike a ƙasa, girgiza fiffike. Matuƙi ba ya amsawa ta rediyo, sai ya karkata jirgi dama da hagu alamar ya ji. A kan titin sauka an zana manyan ɗigo masu launi, a ce wa wannan ya sauka a kan kore, wancan a kan ruwan lemo, jirage biyu ko uku su dira kan titi ɗaya kusan lokaci guda. Hakan na yiwuwa ne saboda hasumiyar tana da izini na musamman na rage tazarar ƙananan jirage daga ƙafa 3,000 zuwa 1,500.

Duk da wannan sassauci, sassa uku ba su motsa ba. Sashe na 91.103 ya wajabta wa matuƙi sanin duk bayanan da suka shafi tafiyarsa kafin ya tashi, don haka wanda ya iso Ripon bai karanta sanarwar ba ya riga ya saɓa. Sashe na 91.113 ya ce a sararin da ido ke gani, aikin matuƙi ne ya hangi ɗan'uwansa ya kauce masa. Sashe na 91.3 kuma ya ce matuƙin da ke riƙe da jirgi shi ne mai alhaki kai tsaye kuma mai magana ta ƙarshe, har an ba shi damar saɓa kowace ƙa'ida idan gaggawa ta tilasta. Ma'ana, idan jami'in hasumiya ya ce juyo yanzu, matuƙi ya ga juyin ya fi ƙarfin jirginsa, doka ta ba shi ikon ya ƙi, ya ƙara wuta ya zagayo.

Wannan iko ne mutane ke jin nauyin amfani da shi, ga dubban idanu a bakin titi, ga jirage a baya, ga muryar rediyo ba ta tsayawa. Fiffike kuwa yana da iyaka. Idan gudu ya ragu, aka kuma karkata jirgi sosai ana jan hancinsa, iskar da ke bin saman fiffiken takan rabu da shi, ɗaukar ta yanke, jirgi ya kifa ta gefe guda. A sama can ana iya farfaɗo da shi. A juyin ƙarshe kafin sauka, ƙafa ɗari biyu ko uku daga ƙasa, babu sarari. Haka ta faru da wani jirgin haɗin gida ƙirar Europa a watan Yulin 2006 yana shirin sauka a titi mai lamba 27, mutum biyun da ke ciki suka rasu. Wasu jiragen haɗin gida an ƙera su ne don gudu, fiffikensu siriri, ba sa haƙuri da jan ƙafa a bayan jirgi mai tafiyar hawainiya, kuma babu dokar da ta tilasta musu nuna halin sauƙi da ake buƙata daga jirgin masana'anta idan gudu ya yi ƙasa.

A ƙasa ma ba a tsira ba. A ranar 30 ga Yulin 2006 ɗin, wani tsohon jirgin yaƙi ƙirar Avenger, ƙato mai hanci a sama wanda matuƙinsa ba ya ganin abin da ke gabansa daf, ya bi ta kan wani ƙaramin RV-6 da ya zo daga Kanada a layin fita. Farfelar ta sare bayan jirgin, fasinjan ciki ya rasu. NTSB ta danganta abin ga gazawar matuƙin Avenger wajen duba gabansa. A karon 2023 ma hukumar ta kai ga cewa matuƙin jirgin ELA bai hangi mai saukar ungulun ya kauce ba, kuma ya yi cikakken zagaye a cikin layin sauka, abin da aka riga aka hana matuƙa a taron bayanin da ake yi musu. A duka waɗannan, ba ƙusa ce ta cire ba, ba fiffike ne ya karye ba. Kasancewar jirgin haɗin gida ne bai zama sanadi ba a biyu daga cikin ukun.

Bayan faɗuwa

Da zarar abu ya faru, dokar da ke aiki ita ce kashi na 830 na ƙa'idojin NTSB. Ba kowace tangarɗa ce haɗari a idon doka ba. Haɗari shi ne abin da ya faru tsakanin lokacin da mutum ya shiga jirgi da niyyar tashi da lokacin da kowa ya fita, wanda ya jawo mutuwa, ko mummunan rauni, ko babbar ɓarna ga jirgin. Mutuwar da aka yi cikin kwana 30 ana lissafa ta cikin haɗarin. Mummunan rauni ya haɗa da kwanciya asibiti fiye da awa 48 da ta fara cikin kwana bakwai, da karayar ƙashi in ban da ƙaramar karayar yatsa ko hanci, da raunin kayan ciki, da zubar jini mai tsanani, da ƙuna mai zurfi ko wadda ta ci fiye da kashi 5 na jiki. Babbar ɓarna kuwa ita ce wadda ta taɓa ƙarfin ginin jirgi ko yadda yake tashi. Fashewar taya, lanƙwasar farfela a ƙasa, lotsewar fatar jirgi ko karyewar ƙafar sauka kaɗai ba sa shiga lissafi. Saboda haka jirgi zai iya zamewa daga titi a gaban dubban mutane, hotonsa ya cika intanet, amma bai shiga alƙaluman haɗurra ba.

Idan abin ya kai haɗari, mai jirgi ko mai tuƙa shi dole ya sanar da NTSB nan take, ya kuma miƙa rahoto a rubuce cikin kwana 10. Tarkacen jirgi ba a taɓa shi sai don ciro wanda ya maƙale, ko kare jama'a, ko hana tarkacen ƙara lalacewa. A taro mai cunkoso wannan ƙa'ida tana da tsada, domin ana iya rufe titi na awanni, jirage su yi ta zagaye ko su karkata zuwa filayen jirgi na garuruwan Fond du Lac da Appleton da ke kusa. Rahoton farko yakan fito cikin 'yan makonni, na ƙarshe mai ɗauke da musabbabi yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu.

Ga wani abu da iyalan mamata kan ji zafinsa. NTSB ba kotu ba ce, ba ta hukunta kowa, ba ta yanke diyya. Dokar tarayya, sashe na 1154(b), ta hana a shigar da rahoton hukumar a matsayin hujja a shari'ar neman diyya. Lauya zai iya amfani da bayanan zahiri da masu bincike suka tattara, kamar yawan man da aka samu a tanki ko matsayin da aka tarar da wani makunni, amma hukuncin hukumar cewa ga musabbabi ba ya shiga gaban alƙali. Dalilin shi ne a bar shaidu su faɗi gaskiya ba tare da tsoro ba, kada kuma binciken ya zama makamin lauyoyi. Na yarda da wannan dalili, duk da na san yana da ɗaci ga matar da ke riƙe da rahoton gwamnati mai cewa wane ne ya yi sakaci, aka ce mata sai ta ɗauko ƙwararre da kuɗinta ya sake tabbatar da hakan. Hukunci a kan matuƙin da ya rayu aikin FAA ne: tana iya dakatar da lasisinsa ko ta soke shi, shi kuma ya ɗaukaka ƙara.

Batun diyya ya fi kowanne wuya. Idan jirgin masana'anta ya faɗi saboda aibun ƙira, akwai kamfani mai dukiya da inshora da za a kai ƙara. A jirgin haɗin gida, masana'antar ita ce wani dattijo mai ritaya da ya haɗa shi a garejinsa. Kamfanin kayan haɗi zai ce shi gorar ruwa da zane ya sayar, ba jirgi ba. Gwamnatin tarayyar Amurka kuma ba ta wajabta wa mai ƙaramin jirgi na kansa yin inshora ba, wasu jihohi ne kawai ke da irin wannan doka. Wanda ya yi inshorar ma, sau da yawa kason da aka ware wa kowane fasinja ƙarami ne idan aka kwatanta da asarar rai ko jinyar shekaru. Masu sayar da jirginsu sukan sa mai saye ya rattaba hannu cewa ya yafe ƙara, amma ƙarfin irin wannan takarda ya danganta da dokar jiha, kuma ba lallai ta ɗaure fasinjan da bai sa hannu a komai ba.

Mai saye na biyu shi ne wanda doka ta fi bari a sake. Ba shi ya ƙera ba, bai san inda maƙerin ya kauce wa zane ba. Misalin da aka fi sani bai faru a taro ba, amma ya bayyana matsalar sarai. A ranar 12 ga Oktoba, 1997, mawaƙin Amurka John Denver ya rasu a gaɓar tekun Kalifoniya cikin jirgin Long-EZ da bai daɗe da saye ba. Zanen asali ya sa makunnin sauya tankin mai a tsakanin ƙafafun matuƙi, amma wanda ya haɗa jirgin ya mayar da shi bayan kafaɗar hagu. NTSB ta ce hankalin matuƙin ya koma kan ƙoƙarin juya makunnin, jikinsa ya murɗe, ya taka abin juya jirgi ba da niyya ba. Babu dokar da maƙerin ya karya da ya matsar da makunnin. Hukumar ta kuma ambaci ƙarancin horo a kan irin jirgin cikin abubuwan da suka taimaka.

Gyara ma haka yake. Ƙa'idojin da suka taƙaita wanda zai taɓa jirgin masana'anta ba su hau kan na gwaji ba, kowa na iya kwance shi ya ɗaura. Abin da aka wajabta shi ne duba lafiyarsa sau ɗaya a shekara. Maƙerin asali yana iya neman takardar da za ta ba shi damar yin wannan duba da kansa, a kan wannan jirgi kaɗai, kuma takardar ba ta bin jirgi idan an sayar. A da, mai saye sai ya nemi makanike mai lasisi. A sabuwar dokar da aka sanar a Oshkosh a watan Yulin 2025 an sassauta, ta yadda mai jirgin da ba shi ya haɗa ba zai iya ɗaukar ɗan gajeren kwas ya samu izinin duba nasa. Wannan zai rage wa mutane kuɗi da wahalar neman makanike, amma ina da damuwa a kansa, domin makaniken nan na shekara-shekara shi ne baƙon ido ɗaya da doka ta tabbatar zai leƙa cikin jirgin.

Jirgin da ya zo daga wata ƙasa, kamar RV-6 ɗin Kanada, yana buƙatar izini na musamman daga FAA kafin ya shigo, saboda takardar jirgin haɗin gida ba ta cika ma'aunin ƙasa da ƙasa ba. Idan ya faɗi a Amurka, NTSB ce ke jagorantar bincike, ƙasar da aka yi masa rajista kuma tana da damar turo wakili, bisa ƙari na 13 na yarjejeniyar Chicago ta sufurin sama tsakanin ƙasashe. Ƙarin nan ne Najeriya ma ke bi ta hannun hukumarta ta binciken haɗurra, NSIB, kuma a cikinsa aka rubuta cewa manufar bincike ita ce hana maimaituwa, ba ɗora laifi ba.

Wannan harka ba baƙuwa ba ce gaba ɗaya a arewacin Najeriya. Jirgin koyon tuƙi na Air Beetle da aka haɗa wa rundunar sojan sama a Kaduna, kimanin guda 60, an ɗauko ƙirarsa ne daga RV-6A na kamfanin Van's, ɗan'uwan jirgin da Avenger ya taka a Oshkosh. A 2007 kuma kafofin labarai na duniya sun ɗauki labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin mota da tarkacen ƙarfe, aka ce ya ɗaga 'yan ƙafafu daga ƙasa. Matashi mai irin wannan hazaƙa a Amurka zai tarar da dattawan EAA masu zuwa duba aikinsa kyauta tun kafin ya rufe fiffike, da jami'in da zai zo ya ba shi takarda, da yankin gwaji da aka shata masa nesa da gidajen mutane, da zangon gwajin da dole ya cika kafin ya ɗauki ko da ƙanensa.